Faifai Ba Ya Ɗaukar Suna Biyu

Idan ka shiga kasuwar Gwiwa yau ka tambayi yaran yanzu wane ne Sama'ilu Zamani, kallonka kawai za su yi. Ban ga laifinsu ba. Amma mu da muka yi wasan ƙasa da shi, muka ga hawansa muka ga saukarsa, ba mu da damar mantawa. Sunana Daudu, tela ne ni, kuma duk rigar da Sama'ilu ya taɓa tsayawa gaban jama'a da ita, ta ƙarƙashin allurar kekena ta bi. Saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi a bakin wani ba.

Ɗan Malam Lawal ne, wani manomi a bayan kasuwar Gwiwa, mutumin kirki wanda bai taɓa karya ko zangarniya ɗaya a gonar wani ba. Yadda aka yi ya haifi Sama'ilu, Allah ne masani. Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba. Tun muna yara ba ya shiri da fartanya. Idan za a fita gona, shi ne mai ciwon ciki. Idan aka sauke tuwo, ya warke. Abu ɗaya Allah ya ba shi, wannan kuwa ba zan hana shi ba: kunne. Waƙa kowace iri ce, in ya ji ta, ta zauna ke nan. Makaɗan noma su zo gayya su tafi, washegari ka ga Sama'ilu bisa katanga yana maido da waƙarsu tiryan-tiryan, har da inda mawaƙin ya yi tari. Yana kwaikwayon mai tallan kananzir, yana kwaikwayon kukan jakin Sarkin Pawa. Mutane su yi ta dariya suna cewa yaron nan aku ne. Da ya tsaya a aku, da an zauna lafiya.

Shekarar da aka sami mulkin kai ya ɗare bayan wata motar gyaɗa ya nufi Kano, ko sallama bai yi wa tsohonsa ba. Daga baya muka ji yana wanke kofuna a wani otal a Sabon Gari, inda mutanen kudu ke kiɗa da jita da ƙahonin Turawa. Ya daɗe a can. Sai bayan yaƙin basasa, lokacin da kuɗin mai suka fara shigowa kowa ya fara jin kansa wani ne, sannan ya dawo. A lokacin ni na koma Kazaure, na kafa kekena a bakin kasuwa.

Wata rana ina ɗinki sai na ga an tare mini ƙofa. Na ɗaga kai, sai ga mutum da gashi tuli guda kamar an kifa masa tukunya, da baƙin tabarau, da takalmi mai tudu kamar turmi, ga jita rataye a bayansa.

Ya ce, "Daudu, ba ka gane ni ba?"

Na ce, "Na gane muryar. Sauran ne ban gane ba."

"Yanzu sunana Sama'ilu Zamani. Wando nake so ka ɗinka mini, mai faɗin ƙafa, wanda in na taka zai share ƙasa."

Na ce, "To ai da tsintsiya ka nema, ta fi sauƙin wanki."

Bai yi dariya ba. Ya ɗaga hannuwa sama ya ce in auna.

Jitar nan kuwa, duk shekarun da ya kwashe a Kano bai iya komai a kanta ba sai 'yan wurare da yake ɗora yatsu ya yi ta karta, kamar kaza na tonon juji. Shi ma ya san haka. Shi ya sa ya tashi takanas ya tafi Roni wajen Haladu.

Haladu mai goge ne, gado ya yi, kuma ya girme mu nesa ba kusa ba. Dattijo ne mai sanyin hali, ba ya ɗaga murya ko da akuya ta ci masa shanya. Yana da wata waƙa tasa da duk ƙasar Roni aka san shi da ita, "Kurciyar Dutsen Roni". Ya yi ta ne wata shekara da matarsa ta yi yaji, ya je biko aka hana shi shiga, sai ya zauna a gindin dutse bayan gidansu yana goga ta har matar ta fito da kanta. Kowa ya san wannan labari, har yara.

Sama'ilu ya je ya durƙusa, ya cire tabarau, ya ce, "Baba Haladu, zamani ya juya. Gogen nan naka a gidan suna da gidan biki zai ƙare, ran da ka kwanta dama ya bi ka. Zo mu je Kano a sa ka a faifai, a ji ka a Kaduna, a ji ka har bakin teku."

Haladu ya yi shawara da iyalinsa, ya nannaɗe gogensa a tsumma, ya bi shi.

Haladu ne ya ba ni labarin wurin da bakinsa. Wani kamfani ne da ba zan kama sunansa ba. Ɗaki ne da aka lulluɓe bangonsa da katifu, ga wani mutum a bayan gilashi da abu a kunnuwansa yana ɗaga hannu in za a fara. Haladu ya goga, Sama'ilu ya rera baitocin Haladu da irin karin muryar Haladu, waɗansu mutanen kudu biyu da aka ɗauko daga otal suka busa ƙaho a tsakani. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba: faifan ya yi kyau.

Ran da ya fito, a shagona aka buɗe shi, don akwai garmaho a shagon maƙwabcina. Sama'ilu ya zaro shi daga cikin kwalinsa a hankali kamar mai ɗauko jariri. A jikin kwalin hotonsa ne shi kaɗai, ya rungume jita. Haladu na zaune kan benci, bai yi boko ba, sai ya ce a karanta masa abin da aka rubuta a tsakiya. Sama'ilu da kansa ya karanta, da ƙarfi, don mutanen waje su ji.

"Kurciyar Dutsen Roni. Waƙa, Sama'ilu Zamani. Kiɗa, Sama'ilu Zamani. Tsarawa, Sama'ilu Zamani."

Haladu ya jira. Da ya ji shiru sai ya ce, "Ƙara dubawa, ɗana, ko ka tsallake wani layi."

"Shi ke nan, Baba. Ka ga ai faifai ƙarami ne. Dubi tsakiyar, ga rami kuma ya cinye wuri. Ba ya ɗaukar suna biyu."

Na ajiye almakashi na ce, "Amma naka ya samu wurin zama har ya miƙe ƙafa."

Ya ce, "Kai Daudu, ka tsaya a ɗinkinka. Wannan harkar kamfani ce."

Na ɗauka daga ranar Haladu zai raba gari da shi. Bai raba ba. Da na yi masa magana sai ya ce, "Goge ba ya karatu, Daudu. Wanda ya san hannuna zai gane ni." Ga kuma iyali, ga shekaru sun fara tsanani. Ban zarge shi ba, amma na ji haushi.

Ba a jima ba aka kira Sama'ilu gidan rediyo. Muka taru a shago muna saurare. Mai gabatarwa ya tambaye shi yadda yake samun waƙa. Sai muka ji ya sassauta murya ya ce, "Nakan hau dutsen Kazaure ni kaɗai, in zauna in yi shiru, sai waƙa ta sauko mini." Mutumin da in ya sa takalmin nan nasa ko dakalin masallaci sai an riƙe masa hannu. Mai shayin da ke gefenmu ya yi dariya har ya zubar da ruwan zafi a ƙafarsa.

Daga nan fari ya zo. Wanda bai ga waɗannan shekaru ba, ba zai gane ba ko an faɗa masa. Damina ta ɗauke, rijiyoyi suka ƙafe, shanu suka riƙa faɗuwa a bakin hanya, ungulu har ta ƙoshi ta daina tashi.

Akwai wata Bafulatana mai suna Shatu, daga wata ruga a bayan Roni, wadda ta daɗe tana sayar da nono a ƙarƙashin darbejiyar da ke gaban shagona. Mace ce da ta manyanta, doguwa, ba ta da yawan magana. Farin nan ya share musu garke kakaf. Ta ƙarshen da ta rage musu wata saniya ce mai farin goshi da suke kira Wule, ita ma ta bi sauran. Shatu ba ta daina zuwa kasuwa ba. Nono ya ƙare, sai ta koma kawo itace da garin kuka. Takan zauna a wurinta na da, in babu mai saye ta riƙa rera wani abu ƙasa-ƙasa, ba don kowa ba:

Wule, tashi, rana ta yi,
Ƙwaryarki na nan, na wanke ta.
Wule, tashi, ko babu nono,
In ji numfashinki ya ishe ni.

Ranar da Sama'ilu ya ji ta, yana tsaye a shagona ina auna masa ƙugu. Ina riƙe da awo sai na ji cikinsa ya tsaya cak, ya daina numfashi, kansa ya karkata wajen ƙofa. Na san wannan tsayuwa tun muna yara. Na ce masa, "Sama'ilu, ka ji tsoron Allah. Matar nan makoki take yi." Ya ce, "Me na yi? Tsayuwa ma laifi ce?"

Kafin damina ta zagayo, "Wule" ta fito a faifai. Bai canza ko kalma ɗaya ba. Sauri kawai ya ƙara mata, aka zuba ƙaho da ganga, ta koma kiɗan rawa. Mutanen birni suka ɗauka Wule sunan budurwa ce mai nauyin barci. Samari na kiran 'yan matansu Wule. Duk rediyon da ka murɗa, ita ce. A rediyon mai shayi Shatu ta fara jin ta. Ina kallonta. Ta miƙe tsaye, ta saurara har ƙarshe, ta koma ta zauna.

Sai ran da Sama'ilu ya zo karɓar ɗinki a kan sabuwar basfa, babur ɗin 'yan gayun lokacin, yana ta danna oda ba gaira ba dalili. Ta yafito shi da hannu.

"Kai ɗan nan, zo."

Ya je yana murmushi. "Sannu da rana, Goggo."

"Wule budurwarka ce?"

Ya gyara tabarau. "Goggo, waƙa ai iska ce, ba ta da mai ita. Wanda ya kama ta ya sa a faifai, shi ne mai ita. Haka ake yi a ko'ina."

Ta ce, "Saniyata ce. Kanta a kan cinyata ta mutu. Kai kuma ka sa ana yi mata rawa."

Na ɗauka kunya ce za ta kama shi. Sai ya ce, "Kar ki damu, Goggo. Zan kawo miki faifan kyauta, har da hotona."

Ta ce, "In dafa?"

Ya hau basfarsa ya tafi. Ko faifan ma bai kawo ba.

Shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi kowa ya sayi rediyo da babur, kasuwar Sama'ilu ta kai inda ta kai. Kamfani ya ga dama ya haɗa shi da wata zabiya, Ya Kura, Babarbariya daga wajen Damagaram, wadda fataken shanu ke ɗaukowa in suna biki a Babura. Wannan mace, in ta buɗe baki ba ta bukatar lasifika. Da waƙarta ta zo, ita ta koya wa makaɗa, ita ta nuna wa Sama'ilu inda zai shiga. Haladu ya ce da aka fara ɗauka, muryar Sama'ilu kusa da tata sai ka ce sauro a gefen kakaki. Bayan kowa ya watse, Sama'ilu ya koma wajen mutumin nan na bayan gilashi ya yi ta magiya a rage tata a ɗaga tasa. Aka rage abin da za a iya ragewa. Da faifan ya fito, abin da aka rubuta shi ne, "Sama'ilu Zamani da 'yan amshinsa."

A Babura aka karanta wa Ya Kura. Waɗanda ke wurin sun ce ta karɓi faifan, ta juya shi gaba da baya, ta ɗora a gwiwa ta karya gida biyu, ta miƙa wa wanda ya kawo. Ta ce, "Ku gaya masa, amshi sai an yi waƙa. Me ya rera da zan amsa?" Ba ta sake yarda an haɗa ta da shi a inuwa ɗaya ba.

To, a hankali sai mutane suka farga. Mata na daka suna waƙa, da an hango gashin nan tafe sai wata ta ce, "Ku yi shiru, ga Zamani nan." Masu gini su yi tsit. Makafin da ke waƙar bara a bakin tasha, da sun ji ƙarar basfa sai su koma salati. Ya zaga Gwiwa, ya zaga Roni, ya shiga ƙauyuka ranar kasuwa, ko'ina sai gaisuwa. Kamfani kuma na ta aiko masa cewa lokacin sabon faifai ya yi. Ya rame. Ya zo shagona ya zauna yana karta jita, yana neman ya haɗa baiti biyu na kansa, abin ya gagara. Na ji abin da ya haɗa. Ko yaro mai tallan gyaɗa ya fi shi.

A lokacin ruwa ya dawo, dangin Shatu sun ba ta aron karsana kamar yadda suke yi a tsakaninsu, ta koma sayar da nononta. Wata ranar kasuwa, Sama'ilu na zaune a bencina ya yi tagumi, sai muka ji Shatu ta ɗauki waƙa. Ba ƙasa-ƙasa ba kamar yadda ta saba, da ƙarfi, tana kaɗa ludayi a jikin ƙwarya. Da Fillanci take yin ta daga farko har ƙarshe, ga wani karin murya mai shiga jiki, wanda ko ba ka so sai ƙafarka ta motsa. Ni ba na jin Fillanci. Na dai ga sauran masu nonon suna rufe baki da gefen zane. Ta kai ƙarshe, ta sake ɗaukowa daga farko.

Sama'ilu ya tashi ya je ya tsuguna a gabanta kamar mutumin kirki.

"Goggo, me waƙar nan ke cewa?"

Ta ce, "Kirari ne. Wani saurayi ne ke faɗar halinsa da bakinsa, yana bugun ƙirji." Sannan ta ɗaga masa ludayi. "Wannan kam kar ka ɗauka. Na gaya maka, ga tela nan shaida."

Ya ce, "Haba Goggo, ni?"

Ko nonon bai saya ba. Ya tashi basfa ya nufi Roni leɓɓansa na motsi.

Haladu mutumin Roni ne, ya tashi cikin Fulani, yana jin harshen kamar Hausa. Ya gaya mini cewa da Sama'ilu ya rera masa, sai da ya sauke gogen daga kafaɗa.

Ya ce, "Ɗana, wannan wa ya yi ta?"

"Ni mana, Baba. A kan dutse."

"Kai ka yi ta? Da Fillanci?"

"Baiwa ce, Baba. Ni kaina abin na ba ni mamaki."

Haladu ya dube shi. Sannan ya ce, "To, tunda kai ka yi ta, ka fi ni sanin abin da ke ciki." Ya ɗauki gogensa. Ya ce mini tun da yake bai taɓa goga wani abu da daɗin rai kamar wannan ba.

Faifan ya fito da sunan Sama'ilu a inda ya saba zama. A Kano ya yi kasuwa daidai gwargwado. Amma a Kazaure da Roni da Babura, abin ya wuce misali. Fulanin da ba su taɓa kallon garmaho ba suka riƙa taruwa a shagon maƙwabcina ranar kasuwa suna cewa a sa musu, a sake sa musu, suna riƙe ciki. Sama'ilu na wucewa suna ɗaga masa sanda, shi kuma yana ɗaga musu hannu biyu. Ya ce mini, "Ka gani, Daudu? Har daji na ci."

Sai Alhaji Hamma, wani babban dillalin shanu a Babura, ya tashi aurar da ɗansa, ya aika a ɗauko Sama'ilu. Na je, don ni na ɗinka wa angon kaya. Bayan la'asar aka yi, a filin ƙofar gidan Alhaji. Jama'a ta cika, har da baƙi daga tsallaken iyaka. Sama'ilu ya fito da wata riga mai ƙyalli da na yi masa, ya kama abin magana, ya fara da sabuwar waƙar. Duk inda ya zo amshi sai ya bugi ƙirji. Wurin ya kaure. Na ga dattawa masu furfura suna share hawaye da bakin rawani, na ga wata tsohuwa ta zame daga kan tabarma. Ya ƙare, aka ce ya sake. Ya sake, har da juyi.

Da ya tsaya shan ruwa, Alhaji Hamma ya miƙe ya karɓi abin maganar.

"Malam Sama'ilu, don Allah waƙar nan kai ka yi ta?"

"Ni na yi ta, Alhaji, daga farko har ƙarshe. Yana nan a rubuce."

"To madalla da mai faɗin gaskiya. Jama'a, akwai waɗanda ba sa jin Fillanci a nan, bai kamata a bar su a baya ba. Ga abin da Malam Sama'ilu ke cewa." Ya gyara murya ya fassara, baiti bayan baiti:

Ni ne maraƙin da ba shi da uwa,
Kowace saniya na gani sai in kama nono.
Bakin nan nawa na aro ne,
Wandona ya share kasuwa, kaina ko tsinke babu.
Mata, ku ɓoye waƙoƙinku,
Ga ni nan tafe, ni ne ɓarawon.

Waɗanda ba su yi dariya da farko ba, yanzu suka rama. Sama'ilu ya tsaya da kofin ruwa a hannu, bakinsa a buɗe. Sai ya fizge abin maganar daga hannun Alhaji, ya manta da girma ya manta da komai, ya kwarma ihu:

"Ba tawa ba ce! Wallahi ba ni na yi ta ba! Ta Shatu ce, mai nono, ta bayan Roni! Ku tambayi Daudu tela!"

Tun da ya fara waƙa, ranar ce kaɗai na ji ya kama sunan mai waƙa a gaban jama'a. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Wule fa?" Wani ya ce, "Kurciya fa?" Haladu na zaune a gefe, ya ɗora gogensa a cinya, yana kallon ƙasa. Sama'ilu ya ratsa mutane ya nufi basfarsa. Ta ƙi tashi. Haka ya tura ta har bakin titi a kan takalmin nan, yana turguɗewa.

Mai hankali da ya shige ɗaki ya rufe ƙofa har ƙura ta lafa. Shi sai ya tafi Kano ya ce kamfani su janye faifan. Mai kamfani ya ce ba a janye abin da ake rububi. Ya dawo ya kai ƙarar Shatu gaban alƙali, wai ta ɓata masa suna. Aka kira ni shaida. Alƙali ya sa aka kawo faifan, ya sa aka karanta masa abin da ke jiki.

Ya ce, "Muryar wa ke ciki?"

"Tawa ce, Allah ya gafarta Malam."

"Sunan wa aka rubuta a kan waƙar?"

"Nawa ne, amma..."

"Ke Shatu, kin ba shi?"

Ta ce, "Na ce masa kar ya ɗauka. A gaban tela na faɗa."

Na ce haka aka yi. Alƙali ya ce shi bai taɓa ganin wanda ya zagi kansa ya kawo ƙarar wani ba, ya sallame mu.

Daga nan Sama'ilu bai sake yin faifai ba. Haladu ya koma gidajen biki da na suna, ya yi 'yan shekaru ya rasu. A ƙasar Roni an san Kurciya tasa ce. A Kano har gobe in an sa ta cewa ake yi ta Zamani. Shi kuwa Sama'ilu, da kaset ya shigo, sai ya aske gashin, ya sayar da basfa, ya kama wata 'yar rumfa a tashar Babura. Ya sayi rekoda mai baki biyu, yana kwafe waƙoƙin mutane yana sayar wa direbobi da mutanen Nijar, naira ko sefa duk yana karɓa. Wannan sana'a ta karɓe shi, don ita ce dama ya iya. Na taɓa biyawa ta wurin na tarar yana faɗa da wani mai rumfa a gefensa, wai ya kwafi kaset daga wajensa bai nemi izini ba. Har jijiyar wuyansa ta tashi yana cewa mutanen yanzu ba su da amana.

Ya rasu wata damina bayan gajeriyar jinya. Muka kai shi, muka yi masa addu'a, Allah ya jiƙan musulmi. Matarsa Dela, baiwar Allah wadda ta sha haƙuri da shi, ta rasa yadda za ta yi da tulin tsofaffin faifan da ya bari a ƙarƙashin gado, sai ta riƙa rufe tukwanen koko da su.

Bayan an yi arba'in, wani ma'aikacin rediyo ya zo Kazaure da rekoda a kafaɗa, wai suna shiri a kan mawaƙan da. Aka nuna masa shagona. Na ba shi wuri ya zauna, na gaya masa duk abin da na gaya muku. Na ce in yana son ya ji mai waƙa, ya tafi bayan Roni ya nemi rugar su Shatu, tana nan da ranta. Ya tambaya ko mota na shiga. Na ce sai dai a ƙafa daga bakin rafi. Ya dubi takalminsa, ya dubi agogo, ya ce zai dawo wani lokaci.

Shirin ya fito ranar wata Lahadi. Aka kira Sama'ilu fasihi, aka ce ya bar giɓin da zai yi wuyar cikewa, aka ce yakan hau dutse ya yi shiru waƙa ta sauko masa. Daga cikin maganata, abin da suka sa kawai shi ne inda na ce Allah ya ba shi kunne.

Wata mai nono daga rugarsu ta kai wa Shatu labari. Na tambaye ta me tsohuwar ta ce. Ta ce tana tatsa aka gaya mata, ta saurara har aka gama, sannan ta tambaya ko an yi ruwa a Kazaure, don su nasu ya yi jinkiri.